Katkat Ɗina a Fadamar Partago

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da aka ɗaura auren ƙanena Bashir ba. Ko da ma na so in manta, mutanen unguwarmu ta Banikanni ba su da niyyar ba ni wannan damar, don haka gara in ba da labarin da bakina kafin su gama ƙara masa gishiri.

Bari in fara gabatar da mai laifi. Ni malamin lekol ne, wato makarantar boko, shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a wata sakandare a nan Parakou, shi ya sa kowa ke ce mini Metir, wato malam da Faransanci, har da matata Rabi in tana son ta yi mini ba'a. Ina fama da wata cuta da ta fi kama masu irin sana'ata: in na karanta abu sau biyu sai in ɗauka na iya shi. Ina iya zana maka hanyar da fataken goro suka bi daga Gwanja zuwa Kano ba tare da na ɗaga alli daga allo ba, amma in famfon gidana ya fara ɗiga, Rabi ce ke gyarawa, ni kuma ina tsaye ina yi mata bayanin yadda ruwa ke tafiya a cikin bututu.

Da na kai shekarun da magidanci ke fara jin nauyin hawa zem (babur ɗin haya ke nan, ga wanda bai san garinmu ba), sai na ƙudura sayen mota. Ba kowace mota ba, katkat nake so, wato mai jan tayoyi huɗu, irin wadda ake cewa ba ta tambaya ko akwai hanya. Shekara biyu cur na yi ina nazari. Na tara tsofaffin mujallun motoci na Faransanci daga wajen masu baza littattafai a bakin kasuwa, na ware littafin rubutu guda, na ja layuka da rula kamar zan ba ɗalibai maki. Motocin Japan na rubuta musu cewa ba sa mutuwa, amma ba su da wani tarihi, kuma kujerunsu kamar bencin aji. Na Amurka na kore su tun a shafin farko saboda shan mai. Na Jamus na daɗe ina juya su, daga baya na ga tsadar kayan gyaransu ta fi ƙarfin albashin malami. Zuciyata ta tsaya a kan wata ta Ingila, wadda mujallun suka nuna ta a cikin Sahara, a kan duwatsu, a tsakiyar kogi ruwa har wuyan fitila. Sun dai ambata a ƙasan shafi cewa tana da laulayi in ba a kula da ita ba. Na ja layi a ƙarƙashin hotunan, ban ja a ƙarƙashin wannan ba.

Abokin musuna a duk tsawon wannan lokaci shi ne Alhaji Sanusi, mijin yayata. Ɗan kasuwa ne yanzu, amma direban babbar mota ne a da, ya yi shekaru yana jigila tsakanin Djougou da Malanville. Yana da wata tsohuwar bashe ta Japan, a-kori-kura mai rufin tampol, ita ma mai jan huɗu, wadda ƙofar hagunta ba ta buɗuwa sai daga waje, launinta na asali kuwa sai dai a tambayi tsofaffi. Kullum bayan La'asar muna zaune a ƙofar shagonsa, ni da littafina, shi da goronsa.

"Metir, wai wannan takardar taka wa ya rubuta ta?"

"Masana, Alhaji. Injiniyoyi. Mutanen da suka gwada motocin nan ɗaya bayan ɗaya."

"A ina suka gwada?"

"A Turai."

"To madalla. Ranar da za ka tafi Turai sai ka tafi da ita."

Majalisa ta kwashe da dariya, ni kuwa na gyara tabarau na yi musu bayani a kan bambancin suna da sabo. Na ce sunan da motocin Japan suka yi a ƙasar nan ba don sun fi inganci ba ne, don sun fi yawa ne, kuma abin da ya yi yawa dole a iya gyara shi. Alhaji ya ce ai abin da yake faɗa ke nan tun ɗazu: mota mai amana ita ce wadda in ta mutu maka a ƙauye mai facin keke zai iya tashe ta. Na ce wannan ba amana ba ce, sabo ne da wahala. Ya ce wahalar da ta kai ka gida ta fi daɗin da ya bar ka a daji. Haka muke rabuwa kullum, kowa na ganin shi ya ci.

A ƙarshe na sauka Cotonou na sayo ta, ta hannu, koriya shar, kujerun fata. (Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin kamar yadda za ku gani, ba su da laifin komai.) Shekara ɗaya da rabi ta yi a hannuna tana zirga-zirga tsakanin gida da lekol da masallacin Juma'a. Kusa da babban giya akwai wani ƙarami, wanda shi ake ja in hanya ta yi tsanani. Ban taɓa jan sa ba, amma duk Asabar ina goge shi da tsumma, kuma duk wanda na rage wa hanya sai na nuna masa shi.

To, ga maganar auren. Bashir tela ne, shi ne autanmu, kuma tun rasuwar mahaifinmu ni ne a matsayin ubansa. Ya samu yarinyar kirki, Nafisa, ma'aikaciyar jinya, 'yar wani ƙauye a yankin Partago. Mahaifinta Malam Isufu manomin doya ne, mutum mai magana ɗaya. An riga an sa rana sau ɗaya aka ɗaga, kuma saboda ni aka ɗaga, don an tura ni gyaran takardun jarrabawa. Da aka je sa rana ta biyu, Malam Isufu ya faɗa wa manzanninmu ba tare da ɗaga murya ba: "Na farko na ba mutane haƙuri. Wannan karon in aka sauko daga Juma'a babu goro babu wakili, zan ɗauka kun fasa, ni ma sai in fasa."

Goron nan kuwa ba kowane goro ba ne. Kakanninmu fatake ne da suka yada zango a Djougou (Zugu, in ji tsofaffi) kafin reshenmu ya gangaro Parakou, kuma al'adar gidanmu ce ba a ɗaura auren ɗa namiji sai da goron da aka zaɓo a can, a hannun danginmu da suka rage, kuma babban yayan ango ne ke kai shi da hannunsa. Don haka aka tsara: ranar Alhamis ni da Baffa Liman, ƙanen mahaifinmu, malamin allo, wanda shi ne wakilin ango, za mu tafi Djougou mu kwana, mu ɗauko goro da safe mu juyo ƙauyen. Alhaji Sanusi kuma zai kwaso ango da mata daga Parakou kai tsaye.

Da zan tashi, Bashir ya biyo ni har bakin mota. "Yaya, don girman Allah, in kun sauka daga kwalta ku bi hanyar motocin auduga. Ta fi nisa, amma an zuba mata jar ƙasa."

Na dafa kafaɗarsa na ce, "Ka je ka ji da ɗinkin babbar rigarka. Hanya aikina ce, ita nake koyarwa."

A Djougou komai ya tafi daidai. Gwaggonmu ta zauna a kan tabarma ta zaɓi goron ɗaya-ɗaya, fari da ja, tana jefar da duk wanda ta ga tabo a jikinsa, aka jera shi cikin babban kwando aka lulluɓe da ganye aka ɗaure. Na kuma karɓo wa Rabi zannuwan saƙi da ta yi saƙo za ta ba amarya. Da asubahin Juma'a aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, bai ɗauke ba sai da hantsi. Muka kama hanya wajen ƙarfe goma, Baffa a gaba da carbinsa. Shi mutum ne da in ya yi maka jimla uku a yini to ranar ya yi surutu.

Kafin sha ɗaya mun iso inda ake sauka daga kwalta. Hanya ta rabu biyu. Ta dama ita ce ta motocin auduga, mai zagaye, tafiyar kusan awa ɗaya. Ta hagu ta ratsa fadama, kuma bisa taswirar da ke cikin aljihun motata, ba ta wuce tafiyar kwatan awa ba. Lokaci muna da shi har da rara, babu abin da ke kora ta. Amma na san Alhaji Sanusi ta dama ya bi, kuma na hango kaina ina shiga ƙauyen ta hanyar da bashe ɗinsa ta ji tsoro, taɓo a jikin mota har gilashi, in fito in ce masa, "Alhaji, ga Turai ta zo."

Wata Bafillatana na zaune a mararrabar tana sayar da cuku. Da ta ga na karya kan mota hagu sai ta miƙe tana ɗaga hannu.

"Malam, ba a bi nan. Tun shekaranjiya ko shanunmu sun daina ratsawa."

Na sauke gilashi na yi mata murmushin da nake yi wa ɗalibin da ya yi ƙoƙari amma bai ci ba. "Inna, wannan katkat ce. Ƙafa huɗu take ja."

Ta dubi motar, ta dube ni. "Shanun ma ƙafa huɗu gare su."

Baffa ya yi gyaran murya ya ce, "Ɗan nan, hanyar mutane ta fi." Jimlarsa ta farko ke nan a ranar, kuma na bar ta ta wuce ni kamar iska.

Da farko abin gwanin daɗi. Muka wuce gonakin doya, muka wuce wata 'yar gada ta itace, mota na tafiya tana rangaji, ni kuma ina yi wa Baffa bayanin yadda aka ƙera ta don yaƙi da irin wannan ƙasa. Sai muka gangara fadamar. Hanyar ta ɓace, sai wani baƙin shimfiɗaɗɗen taɓo mai sheƙi, tsawon filin ƙwallo, da ciyayi a gefe da gefe. Na tsaya. Na yi bisimilla. Na kama ƙaramin giyan nan da na yi wata goma sha takwas ina gogewa, na ja shi da irin natsuwar da liman ke hawa mumbari. Na taka.

Mun kai tsakiya, ban rage mata wannan ba. Daga nan sai gaba ya tsaya, baya ya fara rawa. Na ƙara wuta, injin ya yi ruri, taɓo ya tashi sama ya dawo kan rufi kamar ana jifan mu. Na sa ribas, ta ƙara zama. Na sake gaba, ta ƙara zama. Cikin minti biyar ƙasan motar ya kwanta a kan laka kamar kaza a kan ƙwai.

Ban karaya ba, wannan kam ko maƙiyina zai shaida. Na tuɓe babbar riga na ninke, na naɗe wando, na fita. Taɓon ya karɓe ni har gwiwa, kuma a taku na uku ya karɓe takalmin dama bai mayar ba har yau. Na karyo rassa na cusa ƙarƙashin tayoyin baya, na kwaso duwatsu, na tona da hannu, na rage iskar taya kamar yadda wata mujalla ta koyar. Na koma na tayar, rassan suka fice ta baya kamar kibau. Sai na ɗauko littafin da ya zo da motar na buɗe babin taɓo.

"Me ya ce?" in ji Baffa.

"Ya ce... kada direba ya shiga wurin da bai auna zurfinsa ba."

"Malami ne mai hankali," in ji shi, ya ci gaba da jan carbi.

Za ku ce me ya hana ni kiran Alhaji Sanusi? Waya na aljihuna, kuma akwai layi. Sau uku ina fito da ita ina mayarwa. Na gwammace in tona fadamar nan da farce da in ji muryarsa yana cewa "A ina ka ce kake, Metir?" Sai da na ga sha biyu da rabi ta wuce, na tuna fuskar Bashir a bakin mota, sannan na haɗiye girman kai na kira. A kashe. Na kira Bashir, a kashe. Duk sun shige masallaci. Rabi kuwa wayarta na can ƙasan jaka a cikin hayaniyar mata, ta yi ta ƙara har ta gaji.

Wakilin ango da goron aure duk suna tsakiyar fadama, kuma mutumin da ke jiran su ba ya magana biyu. In auren nan ya mutu, ba ruwan sama ne ya kashe shi ba, ba kamfanin Ingila ba ne, ni ne, karo na biyu.

Allah ya kawo wani magidanci a kan babur, ya sha wanka zai tafi Juma'a, yana lallaɓawa ta kan tudun gefen ciyayi inda masu hankali ke bi. Na yi masa magana da Hausa, ya amsa da yaren Dendi, muka haɗu a Faransanci. Ya ce zai ɗauki mutum ɗaya, amma ba da kwando ba, don hanyar na da santsi kuma tsohon zai buƙaci hannuwansa biyu. Na goya Baffa a bayana na fitar da shi daga taɓon (bai fi buhun gero nauyi ba, Allah ya ƙara masa lafiya), na ɗora shi a babur.

"Baffa, ka riƙe mini su. Ko ta yaya. Goro na tafe."

Ya dube ni daga sama har ƙafata mai takalmi ɗaya, suka tafi.

Na koma na jawo kwandon. Ban taɓa sanin goro na da nauyi haka ba, ni da na yi shekaru ina koya wa yara yawan kayan da jakin fatake ke ɗauka. Babu gammo, sai na naɗe ɗaya daga cikin mujallun da ke kujerar baya na ɗora a ka, kuma a iya sanina wannan ne amfani na farko da ta taɓa yi wa wani. Na cire ɗaya takalmin na jefa cikin mota, na rataya babbar riga a wuya, na kama hanya.

Ban san ko kilomita nawa ba ne. Taswira ta ce huɗu, wuyana ya ce arba'in. Na faɗi sau biyu, amma duk faɗuwar da na yi a kan gwiwa na yi ta, kwandon bai taɓa ƙasa ba. Na wuce mata masu dawowa daga gona, suka gaishe ni da ladabi, suka bari sai da na yi nisa kaɗan sannan suka fashe. Ina hango rufin kwanon ƙauyen na ji lasifikar masallaci, liman ya yi sallama. Daga nan ban san lokacin da na fara gudu ba. Malamin tarihi mai shekara hamsin, ba takalmi, singileti da wando sun koma launin fadama, kwandon goro a ka, yana gudu yana haki yana cewa, "Ga shi nan! Ga shi nan!"

Da na karyo kwanar masallacin, jama'a na tsaitsaye, wasu sun riga sun sa takalma. Malam Isufu na tsaye da sandarsa, fuskar nan ba annuri. A gabansa kuwa Baffa Liman ne riƙe da hannunsa gam, yana magana. Daga baya aka ba ni labari cewa tun da aka yi sallama ya kama hannun mutumin ya fara gaisuwa: ya tambayi lafiyar iyali ɗaya-ɗaya, ya tambayi doya, ya tambayi ruwan bana da na bara, ya gangara kan wani malami da suka yi karatu wajensa a Djougou shekara arba'in da suka wuce, ya yi wa mamatan gidan addu'a da sunayensu. Mutumin da ba ya jimla uku a yini ya yi kusan minti goma bai numfasa ba. Yana ganina ya saki hannun, ya ce, "To, ga goro," ya koma shirunsa.

Na sauke kwandon a gaban limamin ƙauyen. Aka kwance ganye, goro ya fito tas, ko ɗigon laka babu. Aka zauna, aka yi siga, aka shafa Fatiha. Na hango Bashir a bayan wata bishiya yana share ido da hannun sabuwar rigarsa. Malam Isufu ya juyo ya dube ni, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Gidan da babban yaya ke ɗauko goron ƙanensa a ka, ya taka da ƙafa, gidan mutunci ne. Na ba da 'yata inda ya dace."

Jama'a, a nan ya kamata labarin ya ƙare. Allah ya rufa mini asiri, ya ma ɗora mini rawani a kai. Abin da ya rage mini shi ne in yi shiru. Amma an ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, ni kuwa tawa da lacca na naɗe. Muna cin abinci Alhaji Sanusi ya tambaye ni a hankali, ba da tsokana ba, "Metir, ina motar?" Sai na ajiye cokali na miƙe zaune. Na yi wa mutanen wurin bayanin irin ƙasar fadama, da yadda take riƙe ruwa, na ce motata ta yi abin da babu wata mota da za ta yi, ta kai tsakiya. Na rufe da cewa, "Babu katkat ɗin da ɗan Adam ya ƙera da za ta ratsa wurin nan yau. Ko ta Japan, ko ta wa."

Alhaji ya gama tauna lomarsa. "To mu je mu gaishe ta."

Bayan La'asar muka ɗunguma. Bashe ɗinsa cike da abokan ango da samarin ƙauye masu igiya da faretani, Baffa da Malam Isufu a gaba, Rabi ma ta shigo don ta ɗauko zannuwan amarya da na bari a mota. Da muka iso, Alhaji ya sauka ya yi 'yan taku a bakin taɓon yana soka sanda, ya murɗa wani abu a cibiyar tayoyinsa na gaba, ya koma ya shiga. A hankali, kamar tsohuwa mai ratsa kasuwa, bashe ɗin nan ta shiga fadama ta zo ta tsaya daidai gefen motata. Na lura dai ruwa ya ɗan janye tun rana, kuma na yi niyyar faɗin haka.

"Shiga ka tayar, ka sa mata giyan," in ji shi. "Ina son in ga abu."

Na shiga, na ja, na taka. Baya ya yi ta watsa laka. Alhaji na tsaye yana kallon tayar gaba, ya ɗaga hannu ya ce in kashe. Sai ya tattare babbar rigarsa ta biki, ya durƙusa a cikin taɓon, ya kwantar da kai ya leƙa ƙarƙashi. Ya daɗe. Da ya ɗago, fuskarsa irin ta mutumin da ke ƙoƙarin kada ya yi dariya a gidan makoki.

"Metir, ina kardan ɗinka na gaba?"

"Ina me?"

"Sandar ƙarfen da ke kai wa tayoyin gaba ƙarfi. Babu ita. Wurin ma har ya yi tsatsa. Motar nan ƙafa biyu take ja, kamar ni da kai."

Na ce ba zai yiwu ba. Na ce lalle 'yan Cotonou ne suka cuce ni, na fara jawabi a kan rashin amanar dillalai. Alhaji ya ce a bari a tambayi mai gyara ta, ya karɓi lambar Patron Dauda, makanikena na Banikanni, ya kira, ya buɗe murya kowa na ji.

"Patron, Alhaji Sanusi ne. Motar Metir, ina kardan ɗinta na gaba?"

"Kardan? Ai yana gidansa, Alhaji."

"Gidan wa?"

"Gidan Metir mana. Shi ya ce in cire. Sati biyu da sayen motar ya kawo ta, wai tana ƙara a ƙasa kuma tana shan gazuwal, man dizal ɗin nan. Na ce masa Metir, ko dai a yi odar abin da ya lalace daga Cotonou, ko kuwa in a cikin gari kawai za ka riƙa yawo, a cire sandar gaba ɗaya kamar yadda muke yi wa masu irinta, ƙara ta tafi, mai ya ragu. Yana zaune a benci yana karatun wata takarda mai hotunan motoci, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, 'Oui, oui, cire duk abin da ba shi da amfani.' Har na ce masa to fa ta daina zama katkat, ya ce 'Très bien, madalla.' Da yamma na kai ƙarfen gida, Madam ta karɓa."

Wallahi sai a lokacin na tuna ranar. Na tuna bencin, na tuna har shafin da nake karantawa: wani dogon sharhi ne a kan wace katkat ce ta fi aminci a duniya.

Sai muryar Rabi daga bayan bashe, da zannuwa a hannu: "Wai wani dogon ƙarfe mai nauyi, mai kai biyu? Ai shi nake tokare ƙofar akurkin kaji da shi. Metir, kullum da safe sai ka tsallake shi in za ka ɗebo ruwan wanke motar."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Samari suka zube a kan ciyawa, wani ya saki igiya ya riƙe ciki, har Malam Isufu, mutumin da aka ce ba a taɓa ganin haƙoransa ba, ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa ina zaune a kujerar fata, hannuna a kan ƙaramin giyan, ina addu'ar taɓon ya ƙarasa aikin da ya fara.

Baffa ne ya rufe zaman. Ya leƙo ta tagar bashe ya ce, "Shekara biyu kuna musu a kan wace mota ce mai amana. Wannan dai ita aka ci amanarta. Sanusi, ja ta a hankali."

Haka aka ɗaura mini igiya, tsohuwar bashe mai ƙofa ɗaya ta ja ni ta fitar, kuma saboda laka ta toshe mini wani abu injin ya ƙi tashi, sai da ta ratsa da ni ta tsakiyar ƙauyen, ta gaban gidan biki, mata na rangaɗa guɗa. Har yau ban sani ba ko ta amarya ce ko tawa.

Ban sayar da motar ba, ko da yake an ba ni shawarar haka. Na karɓo ƙarfen daga hannun kaji, na sa aka yi odar abin da ya lalace, na tsaya a kan Patron Dauda har ya ɗaura, wannan karon ina durƙushe a gefensa ba takarda a hannuna. Da damina ta zagayo na ɗauki Alhaji Sanusi shi kaɗai muka koma fadamar. Na sauka na auna da sanda, na shiga, na ja giya, ta ratsa ta fita ɗaya gefen ko tari ba ta yi ba. Na kashe na jira hukunci.

Ya ɓare goro, ya miƙo mini rabi. "Motar kirki ce, Metir. Na janye rabin maganata. Da ta samu mai ita tun farko, da na janye duka."

Abin da na koya bai kai a rubuta a allo ba, amma ga shi. Kafin ka zauna kana raba wa kamfanonin bayan teku maki, ka ɓata gwiwar wandonka sau ɗaya ka leƙa ƙarƙashin abin da ke ƙofar gidanka. In kuma ka yi wauta Allah ya rufe, har surukai suka yabe ka a bainar jama'a, to ka ce amin, ka cika bakinka da tuwo.